Firintar ofis tana nuna Offline bayan an ɗauke wuta, ga inda matsalar take

Tambayar da wani ɗan'uwa ya turo: "Salam. A ofishinmu kwamfuta biyar ne da firinta biyu. Ƙaramar HP LaserJet P1102 ce, tana jone da kebul na USB a kwamfutar sakatariya, sauran muna tura mata aiki ta netwok. Babbar M404dn ce, an jona ta a rauta. Duk randa aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai babbar ta nuna Offline, ƙaramar kuma akwai laftop ɗaya da ta ƙi haɗuwa da ita tana kawo lambar kuskure 0x0000011b. Mai yi mana gyara ya ce sai an sake zuba Windows. Mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai dan Allah kada ku yarda a sake zuba Windows saboda wannan, za ku yi asarar yini guda da kuɗi da wataƙila fayilolin mutane, kuma wallahi ranar da aka sake ɗauke wuta Offline ɗin nan zai dawo, domin ba a cikin Windows ɗin cutar take ba. Matsala biyu ce gare ku daban-daban kuna ganin kamar ɗaya ce, ta babbar firinta matsalar adireshi ce, ta ƙaramar kuma matsalar yarda ce tsakanin kwamfutoci biyu. Ni abin da nake fara yi a kowane ofis shi ne in gano daidai inda aikin yake mutuwa a hanya, domin takarda kafin ta fito sai ta bi ta Word ko PDF, ta shiga direba wato manhajar da kwamfuta take magana da firinta da ita, ta shiga layin jira na Windows, ta bi waya ko Wi-Fi, sannan ta isa firinta. Idan ka san a wane wuri ta tsaya to ka gama rabin aiki, idan baka sani ba sai ka yi ta goge direba kana sake sawa a banza.

Mu fara da babbar tunda ita ce ta fi sauƙi kuma ita ce za ta cece ku a ƙarshe.

Kowace na'ura da ke kan rauta tana da lambar IP, irin 192.168.0.103 haka. Rautar ce take rabawa ta hanyar abin da ake kira DHCP, kuma aro take bayarwa ba kyauta ba. Kamar kujerar mota ce a tasha, wanda ya riga zuwa shi yake samun gaba, gobe idan ka makara sai ka tarar wani ya zauna a wurinka. To da wuta ta ɗauke rauta ta mutu firinta ta mutu, da aka dawo da ita wayoyin ma'aikata da laftop masu batir su ne suke riga haɗuwa, sai wayar wani ta karɓe 103, firinta ta tashi daga baya a ba ta 107. Su kuma kwamfutocinku har yanzu 103 suke aika aiki, ba amsa, sai Windows ta rubuta Offline alhali firintar lafiyarta ƙalau tana zaune tana jira. Ba duk rauta ce take mantawa haka ba amma ƙananan nan na gida da MiFi da yawansu suna yi, kuma mu da ake ɗauke mana wuta sau da yawa a rana ana komawa janareta ana dawowa, abin da ofis a wata ƙasa zai gani sau ɗaya a shekara mu a sati muke ganinsa.

Yadda zaka tabbatar, ranar da ta nuna Offline kada ka taɓa komai, je gaban firintar ka shiga menu ɗinta wajen Reports ka buga shafin bayanin netwok, zaka ga IP ɗin da take riƙe da shi a wannan lokacin. Dawo kwamfuta ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta control printers, danna dama a kan firintar, Printer properties, sannan Ports, ka duba lambar da ke wurin da aka yi wa alama. Idan lambobin biyu sun bambanta to shi ke nan ka kama ɓarawon. Idan kuma lambar da firinta ta bugo ta fara da 169.254 wannan yana nufin bata samu rauta ba kwata-kwata ta ƙirƙira wa kanta lamba, sai ka duba kebul da ƙananan fitilun nan na inda ake soka shi a bayanta, ko kuma firintar ce ta riga rautar tashi, kashe ta ka kunna.

Maganin shi ne a ba ta lamba ta dindindin. Hanya biyu ce, ko ka shiga shafin rauta wajen Address Reservation ka ɗaure lamba ɗaya da MAC address na firintar wato lambar shaidar da aka ƙera ta da ita, ko ka sa lambar da hannu a cikin firintar kanta. Ni na fi son ta biyu a ofisoshinmu, saboda rauta ana yawan canza ta, yau ta wannan kamfani gobe ta wancan saboda data ko sabis, kuma ana yawan danna mata reset idan an manta kalmar sirri, duk abin da ka tsara a ciki sai ya tafi. Sai dai fa idan sabuwar rauta ta zo da jerin lambobi daban, misali daga 192.168.0 aka koma 192.168.8 irin na Huawei, dole a sake gyara lambar firintar ta dace. Rubuta IP ɗin firintar a burauza kamar zaka buɗe shafin intanet, shafinta zai buɗe, shiga wajen netwok ka mayar da IPv4 daga Automatic zuwa Manual. Abin da zaka kiyaye shi ne ka zaɓi lambar da bata cikin waɗanda rauta take rabawa. Yawancin TP-Link daga 100 zuwa 199 suke rabawa, to ka ba firinta 192.168.0.50, subnet mask 255.255.255.0, gateway kuma lambar rautar wato 192.168.0.1. Idan ka ba ta lamba a cikin waɗanda ake rabawa wata rana rauta za ta ba wayar wani irinta, na'ura biyu lamba ɗaya, kuma wannan ya fi na farko wahalar ganewa domin yanzu tana yi anjima bata yi. Idan ka gama ka rubuta lambar a takarda ka manna a jikin firintar da salatif, duk wanda zai zo gyara bayanka zai gode maka.

Saura kwamfutocin. A kowacce ka koma Ports ɗin nan, kuma nan ne nake so ka buɗe ido. Idan kaga sunan da aka yi wa alama ya fara da WSD sannan dogon jerin haruffa da lambobi, wannan shi ne wanda Windows take ƙirƙira da kanta idan ka bar ta ta nemo firinta. A ƙa'ida an yi shi ne don ya riƙa gano firinta ko ta canza lamba, amma a aikace na ga ofisoshi da yawa da shi ne yake sa firinta ta ɓace bayan ta yi barci ko aiki ya daɗe a layi kafin ya fita. Ni bana barinsa. Danna Add Port, zaɓi Standard TCP/IP Port, rubuta 192.168.0.50, ka gama. Sai ka danna Configure Port ka tabbatar yana kan Raw da lamba 9100. A ƙasa akwai wani ɗan akwati SNMP Status Enabled, ta shi Windows take tambayar firinta ko tana nan, idan firinta bata amsa wannan tambayar ba sai a rubuta Offline ko da kuwa tana iya karɓar aiki. Idan bayan ka gyara lamba har yanzu tana nuna Offline amma shafinta yana buɗewa a burauza, cire alamar wannan akwatin. Ka kuma leƙa cikin layin jira ka tabbatar ba a sa alama a Use Printer Offline ba, mutane suna dannawa bisa kuskure.

Idan wata kwamfuta ɗaya ta ƙi duk da haka, buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ping 192.168.0.50 don ka ga ko firintar za ta amsa. Ba amsa? Rubuta ipconfig ka duba lambar ita kwamfutar, kashi uku na farko dole su zama iri ɗaya da na firinta. Sau da yawa sai kaga mai laftop ɗin ya jona ta da hotspot na wayarsa ne saboda intanet ɗin ofis yana jan ƙafa, ya manta, to ai ya fita daga netwok ɗin ofis gaba ɗaya. Ko yana kan Wi-Fi na baƙi wato Guest, wanda da gangan aka hana shi ganin na'urorin cikin gida. Wasu rautocin kuma suna da AP Isolation, idan yana kunne kowa zai samu intanet amma babu mai ganin ɗan'uwansa, sai a kashe shi. VPN ma yana iya haka idan yana kunne.

To yanzu ƙaramar, wadda ita ce mai ciwon kai na gaske.

P1102 bata da wurin soka kebul na netwok, USB kaɗai gare ta, a sunayen HP harafin n a ƙarshe shi ne netwok, w shi ne Wi-Fi, d kuma buga gaba da baya. Saboda haka duk wanda ya tura mata aiki ba da firinta yake magana ba, da kwamfutar sakatariya yake magana ita kuma ta miƙa. Wannan yana nufin idan sakatariya ta kashe kwamfutarta ta tafi salla, ko kwamfutar ta yi barci, ko Wi-Fi ɗinta ya yanke, ko ita ma lambarta ta canza, duk ofis ya tsaya. Mataki na farko kenan ka tsaya a kwamfutar sakatariya ka buga Print Test Page. Idan a nan ma bata fito ba to ka manta da maganar netwok, matsalar kebul ce ko direba ko layin jira. Ka kuma duba ko akwai firinta biyu masu suna ɗaya, ɗaya da Copy 1 a gabanta, hakan yana faruwa idan aka zare USB aka soka a wani rami daban, sai Windows ta ɗauka sabuwa ce, ita kuma tsohuwar da aka raba wa mutane ta zama gawa.

Idan ta buga a wurin sakatariya sai ka duba waɗannan a kwamfutarta. Netwok ɗin ya kasance Private ba Public ba, domin a Public Windows tana rufe ƙofar raba fayil da firinta, kuma duk lokacin da aka canza rauta ko sunan Wi-Fi tana iya komawa Public ba tare da kowa ya lura ba. A Advanced sharing settings a kunna Network discovery da File and printer sharing. A Power options a sa barci ya zama Never idan tana jone da wuta, allo ya mutu ba komai amma kwamfutar kada ta kwanta. Ita ma a ba ta lamba ta dindindin, kamar 192.168.0.51, in da hali a jona ta da kebul ba Wi-Fi ba. Sunan da aka raba firintar da shi ya zama gajere ba tazara, HP1102 ya isa. Sannan ka duba sunayen kwamfutocin kansu, masu zuba Windows da yawa suna barin USER-PC ko HP-PC a kan kowace kwamfuta, biyu masu suna ɗaya a netwok guda rikici ne. Idan akwai antivirus mai nasa firewall, wato katangar da take tace abin da ke shigowa ta netwok, irin Kaspersky ko ESET shi ma a gaya masa netwok ɗin ofis amintacce ne. Amma kada a kashe firewall gaba ɗaya a bar shi haka, a kashe na minti biyu don gwaji a mayar.

Gwajin da ya fi komai faɗin gaskiya shi ne daga laftop ɗin ka danna Windows da R ka rubuta \\192.168.0.51 ka danna Enter. Idan taga ta buɗe kaga firintar, hanya lafiya. Idan ta nemi suna da kalmar sirri to nan ma akwai magana. Windows bata yarda a shigo ta netwok da asusun da bashi da kalmar sirri, kuma yawancin kwamfutocin ofisoshinmu haka suke ba kalmar sirri. A da mutane suna kashe Password protected sharing su wuce, amma sabbin Windows 11, musamman daga sigar da ake kira 24H2, sun ƙara tsaurara shiga a matsayin baƙo, dabarar bata cika aiki ba yanzu. Abin da ya fi tsafta ka buɗe sabon asusu a kwamfutar sakatariya, ka sa masa suna firinta misali, da kalmar sirri mai kyau, ba sai ya zama admin ba. A kowace kwamfuta ka shiga Credential Manager, Windows Credentials, ka ƙara lambar kwamfutar sakatariya da wannan suna da kalmar sirrin. Daga nan ko an kashe an kunna bazata sake tambaya ba.

Ita kuma 0x0000011b tarihi gare ta. A shekarar 2021 aka gano manyan ramukan tsaro a Print Spooler, wato ɓangaren Windows da yake kula da layin jiran bugawa, wanda ya fi shahara shi ne ake kira PrintNightmare, mutum zai iya bi ta hanyar firinta ya mallaki kwamfuta gaba ɗaya. Microsoft ta yi ta fitar da gyare-gyare a jere, a watan Agusta na shekarar ta sa ya zama sai admin ne zai iya sauko da direba daga kwamfutar da ta raba firinta, a Satumba kuma ta tilasta ƙarin tsaro a kan yadda kwamfutoci biyu suke magana wajen bugawa. Daga wannan sabuntawar ta Satumba ne lambar nan ta cika duniya. Abin da yake faruwa a taƙaice, kwamfutar sakatariya ta samu sabuntawa tana neman sabon tsari, laftop ɗin kuma bata samu ba tana magana da tsohon. Ina kyautata zaton laftop ɗin nan ko Windows 7 ce ko Windows 10 da aka kashe wa update don kada ta cinye data. Danna Windows da R ka rubuta winver a kan kowacce ka ga wace Windows ce a kanta. Gyaran asali shi ne a sabunta su biyun su zo daidai, kuma sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Zaka ga ana yawan cewa a shiga regedit, wato wurin gyara saitunan can cikin Windows, a kwamfutar da ta raba firinta, a HKEY_LOCAL_MACHINE\System\CurrentControlSet\Control\Print, a ƙirƙiri DWORD mai suna RpcAuthnLevelPrivacyEnabled a ba shi 0 a sake tada spooler. Gaskiya ne yana aiki, amma ka sani abin da ka yi shi ne ka cire kariyar da aka sa, kuma ofis da ake soka filashin kowa da kowa, baƙi suna hawa Wi-Fi, ni ban ba ka shawarar ka bar shi haka ba. Idan albashi ake bugawa yau dole sai ya fita to a yi, amma a mayar bayan an sabunta laftop ɗin. Ka tuna Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 aka daina ba ta sabuntawa, Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, don haka irin wannan saɓanin tsakanin tsoho da sabo ƙaruwa zai yi ba raguwa ba.

Akwai hanyar da na fi amfani da ita wadda ba sai an cire wata kariya ba. A laftop ɗin ka fara sauko da direban P1102 daga shafin HP wanda ya dace da ita, 64-bit ko 32-bit, domin idan ta sakatariya 64 ce laftop 32 ba za ta iya karɓar direba daga wurinta ba sai an ƙara shi a Additional Drivers. Sannan Add printer, ka ce wadda kake nema bata cikin jerin, zaɓi Add a local printer, Create a new port, Local Port, a wurin suna ka rubuta \\192.168.0.51\HP1102, ka zaɓi direban da ka sa. Ita laftop za ta ɗauka firintar tata ce, ta shirya aikin da kanta ta aika shi kawai, ba ta bi ta wurin da yake kawo kuskuren ba. Wannan yana taimakawa a 0x00000709 ma wanda ake yawan gani da Windows 11. Sai dai masu Canon LBP2900 su sani direbanta na CAPT yana buƙatar magana ta je ta dawo, yakan ƙi irin wannan zagayen. Haka ma ƙananan akwatunan print server da ake sayarwa don jona firintar USB a netwok, ire-iren waɗannan ƙananan firintocin kwamfuta ce take musu kusan duk lissafin, ba kowane akwati suke yarda da shi ba, a duba jerin waɗanda yake ɗauka kafin a saya.

Wani abu da zai same ku ko ba daɗe ko ba jima shi ne aiki ya maƙale a layi, ka danna Cancel ya rubuta Deleting ya tsaya, duk wanda ya turo bayansa ya tsaya. Yana yawan faruwa idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugawa. Kashe firintar, buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta net stop spooler, shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge duk abin da ke ciki amma ka bar folda ɗin kanta, sannan net start spooler, ka kunna firinta. Na ƙaramar a kwamfutar sakatariya zaka fara yi, nan ne layin yake. Kuma dan Allah a gaya wa ma'aikata idan bata fito ba kada a yi ta danna Print sau goma, da ta warke duk goman za su fito, takarda da tona a banza. Idan ta riƙa fitar da shafuka cike da baƙaƙen da ba a ganewa, direba ne ba nata ba, kashe ta da sauri ka share layi. Idan kuma ta tsaya tana neman a sa takarda alhali tire cike yake, duba girman takarda a direba, Windows da aka zuba da yankin Amurka tana zuwa da Letter mu kuma A4 muke saye, a mayar da shi A4 a Printing Defaults na kwamfutar da ta raba da kuma Preferences na sauran.

Game da wuta, rautar ce ya kamata ku sa a UPS ko inbata, wutar da take ci kaɗan ce, idan bata mutuwa rabin wannan rikicin bazai taso ba. Amma firintar laser kada a jona ta da ƙaramin UPS irin 650VA, tana da hita da take narkar da tona a kan takarda, lokacin bugawa tana jan watt 300 zuwa 500 kuma idan za ta ɗumama jan farko ya fi haka, za ta kashe UPS ɗin ta kashe kwamfutar da ke kai. A ba ta soket ɗinta da stabilaiza mai ƙarfi.

Idan da ni ne a ofishinku, bayan an ba M404dn lamba ta dindindin kowa zan jona shi da ita kai tsaye ta Standard TCP/IP Port, in sa ta zama default wato wadda kwamfuta take fara zaɓa, in cire alamar Let Windows manage my default printer don kada Windows ta riƙa sauya wa mutane. Babu kwamfuta a tsakiya, babu kalmar sirri, babu 0x0000011b, har wayoyinku za su iya bugawa ta AirPrint ko Mopria muddin suna kan Wi-Fi na ofis. Ƙaramar a bar wa sakatariya ita kaɗai, ta zama ta ko-ta-kwana ranar da tonar babbar ta ƙare. Idan kuma dole ne laftop ɗin nan ta yi amfani da ƙaramar kuma hanyar Local Port bata yi ba, turo min abin da winver ya nuna a kan laftop ɗin da kwamfutar sakatariya, da kuma abin da ya fito lokacin da ka rubuta \\192.168.0.51, daga nan zan gaya maka mataki na gaba in sha Allah.